Zane da Zare

Shekara talatin ina zaune a zauren nan na Kwarbai,
riga a cinya, allura a baki.
Malam Sale ya ja aska takwas da tawada,
ni kuwa in bi sawunsa da zare.

Bara ƙishirwa ta bi ni kamar mai bin bashi.
Randa guda ba ta kai ni asuba,
in fita kewaye sau biyar, sau shida,
har tururuwa suka yi sahu a bakin makwarara.
Kafar allura ta koma biyu a idona
da rana tsaka, ba ma da dare.

A Shika likita Rakiya ta soki yatsana,
yatsan da allura ta sani tun ina yaro.
Ta dubi lamba, ta dube ni.
"Suga ne. Wa ke da shi a gidanku?"
Na ce babu.
Sai na tuna gyambon ƙafar Goggo Indo
da ya ƙi kamewa, muka ce sammu ne,
da Kawu Mamuda da ya makance da sauran ƙarfinsa.
Mun raka su kushewa shekara bakwai tsakani,
ba wanda ya ce abu guda ne ya ja su tare.

Na ce, "To Tanimu fa? Nono ɗaya muka sha.
Shayinsa sukari cokali huɗu,
burodi, lemon kwalba, fanke a Tudun Wada,
ga shi nan kamar sillen kara, jininsa lafiya lau."
Ta ce, "Gadon jiki ba alƙali ke raba shi ba.
Ƙwayoyin halitta a cakuɗe suke zuwa,
abin da aka zuba maka, shi an ware."

Na dawo ina lissafin Baba.
Malmala uku ta tuwon dawa yake tashi da ita,
amma kafin hantsi ya taka bayan Kufena,
garma ta karɓe duk abin da ya ci.
Wa ya sani, ko shi ma yana ɗauke da abin
har ya koma ga Allah bai ji motsinsa ba?
A zatona jikinmu rumbu ne,
ya ga shekarun yunwa, ya koyi rowa,
ba ya barin loma ta wuce bai adana ba.
Na gaji rumbun, ban gaji garmar ba,
na yi ta zuba masa farar shinkafa da taliya
ina naɗe da ƙafa a zaure.

To, ai ni na san wannan magana.
Zane guda Malam Sale kan ba mutum biyu:
rigar wani ta kai jika,
ta wani ta zazzage kafin wanki na uku.
Tawada ba ta goguwa, na yarda.
Amma hannun da ke soka allura nawa ne,
ni ke zaɓen kauri, ni ke ɗaure.

Yanzu Ladidi na dafa mini acca da wake,
kwaɗon zogale, tuwo ɗan dunƙulen hannu.
In na idar da asuba sai Ƙofar Doka a ƙafa,
yara na cewa Baba ya ɓata da mai acaɓa.
Ƙwayar magani na aljihu kusa da carbi.
Wata rana lambar ta sauka,
wata rana ta ƙi, ban san laifina ba.
In ƙamshin kunun zaƙi ya tsallako katanga
nakan haɗiye yawu, in daure.

Jiya Uwani, autata, ta shigo da alewa biyu.
Kunnena gare ta, da wushiryar Goggo Indo.
Me kuma aka zana a ciki, ban iya karantawa.
Na ce ta ba ni ɗaya, ta ba ni tana harara.
Na jefa a gwangwanin maɓallai,
na ce ta zo mu taka mu gaida Tanimu
kafin hasken ya ƙare.